Ba kowace rabuwar aure ce saki ba

A Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, an daɗe ana cewa duk auren da aka raba, saki ne. Ba abin mamaki ba ne, tunda an fi ganin sakin.

Amma akwai fasahi, wato rushe auren da tun asali bai ɗauru ba. Misali, bayan biki wata tsohuwa ta tuna ango da amarya nono ɗaya suka sha, aka kuma tabbatar. A fikihun Malikiyya wannan rabuwa ba ta cin igiya ko ɗaya, kuma babu kome, wato mijin ba zai iya mayar da matar ba.

Auren da aka yi wa rajistar gwamnatin Kamaru kuwa, kotu ce ke rushe shi.

Mai shakka ya buɗe babin nikahi gaban malamin fikihu. Don Allah a tura wa 'yan'uwa.