Haƙƙin talaka a Littafi Mai Tsarki

Littafi Mai Tsarki ya ɗauki kula da talaka a matsayin haƙƙi, wanda tauye shi laifi ne a gaban Allah. Kalmar Ibrananci mishfat, wato shari'ar gaskiya, takan zo tare da ambaton mutum uku: maraya, gwauruwar da mijinta ya rasu, da baƙo. Dukkansu ba su da mai tsaya musu a ƙofar gari, inda dattawa ke yanke hukunci.

Dokokin Attaura a kan wannan batu na manoma ne, shi ya sa ba sa yi wa mutumin Maradi wuyar fahimta. Littafin Firistoci 19:9-10 ya hana mai gona girbe ta har gefe, ya kuma hana shi komawa yin kala. Abin da ya zube na matalauci ne da baƙo. Da kalar sha'ir a gonar wani mai suna Bo'aza ne Rut, gwauruwa kuma baƙuwa, ta ciyar da surukarta. Maimaitawar Shari'a 24 ta ce a biya ɗan ƙwadago kafin rana ta faɗi, kada kuma a karɓi dutsen niƙa jingina, don wanda ya ɗauke shi ya ɗauke tuwon gidan. Bashi yakan faɗi duk shekara 7, gonar da aka sayar kuma ta koma ga zuriyar mai ita a shekara ta 50.

Annabawa sun fi zafin harshe. Amos, makiyayi daga Tekowa a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, ya tsine wa ƴan kasuwar da ke rage mudu, suna ha'inci a ma'auni, har ƙaiƙayi suna haɗawa su sayar. Duk wanda ya taɓa awon gero da tiya a tsakiyar damina, rumbu ya ƙare, ya san ciwon. Nehemiya 5 ma kamar a nan aka yi: yunwa ta sa mutane jinginar da gonakinsu don hatsi, sai gwamna Nehemiya ya tara manya ya sa suka mayar. Sarki ma bai tsira ba, domin annabi Iliya ya tari Sarki Ahab a gonar inabin wani mai suna Nabot, wadda sarkin ya ƙwace.

A Sabon Alkawari, Yesu ya karanta Ishaya 61 a majami'ar Nazarat, ya ce an aiko shi da bishara ga matalauta (Luka 4:18). Yakubu 5:4 ya ce ladan masu girbi da aka danne yana kuka.

Kiristoci ƴan kaɗan ne a Maradi, kuma da Hausa suka fi karanta waɗannan ayoyi. Cikakkiyar fassarar farko ta fito a 1932. Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ya zauna a Tsibiri, kusa da Maradi, tun 1927, daga baya ya buɗe asibitin kutare a Danja, kudu da Maradi.