Waiwaye: Yadda taron masoya labaran zane ya taso daga wasiƙu zuwa cincirindo

Duk watan Yuli, mutane sama da 130,000 ke kwarara birnin San Diyego na jihar Kalifoniya a Amurka domin taron kwana huɗu na masoya littattafan labarai cikin zane, wanda ake kira Comic-Con. Tikiti kan ƙare watanni kafin ranar, wasu har kwana suke yi a waje don su samu kujera a zaure ɗaya tak. Baƙon lamarin zai ce ina dalilin wannan wahala a kan Superman da Spider-Man? Sai an koma baya kafin a gane.

Da wasiƙa aka fara. A 1926 Hugo Gernsback ya kafa mujallar Amazing Stories ta ƙagaggun labaran kimiyya, ya kuma riƙa buga wasiƙun masu karatu haɗe da adireshinsu. Yaron da ya ɗauka shi kaɗai ne mai wannan ra'ayi a garinsu sai ya ga ashe akwai irinsa a wasu jihohi. Aka shiga rubuta wa juna, aka kafa ƙungiyoyi, har a 1939 kimanin mutum 200 suka haɗu a New York, taron da aka sani da Worldcon. A can ne Forrest Ackerman da Myrtle Douglas suka fito cikin shigar mutanen zamani mai zuwa. Ita ce ma ta ɗinka kayan, ko da yake shi aka fi tunawa.

Masoya labaran zane kuwa sun fi kowa bukatar irin wannan mafaka. A 1954 wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya yi zama kan zargin cewa littattafan na lalata tarbiyyar yara, masu bugawa suka tsorata suka kafa wa kansu hukumar tacewa. Baligin da aka gani riƙe da irinsu, kallon wanda bai girma ba ake masa. Ga shi tsofaffin fitowa ba sa samuwa a kanti, iyaye sun zubar da yawancinsu. To ina mutum zai cike giɓin tarinsa, ina zai yi hirar ba a yi masa dariya ba?

A Agustan 1970 Shel Dorf da wasu matasa suka shirya taron kwana uku a ɗakin ƙasa na otal ɗin U.S. Grant a San Diyego. Kusan mutum 300 suka zo, akwatunan tsofaffin littattafai jere a kan tebura, ga mai zane Jack Kirby a kusa, ana gaisawa da shi hannu da hannu. A ganina wannan kusanci shi ne ainihin gishirin abin: mai karatu da wanda ya zana masa jarumi, ba ɗan aike a tsakani.

Sai masu fim suka hango kasuwa. A 1976 aka kai tallar Star Wars wurin, shekara guda kafin fitowarsa. Taron ya ƙaura zuwa babbar cibiyar taruka ta birnin a 1991, daga 2004 kuma aka fara amfani da zauren Hall H mai cin mutum kusan 6,500, inda kamfanoni ke kawo taurari su nuna somin-taɓin finafinai. Tsofaffin hannu na ta ƙorafin cewa baƙo ya kori mai gida, kuma ba su yi ƙarya ba. Masu zanen suna nan dai a layin teburansu, suna sayar da aikinsu suna sa hannu, amma kyamarori wani wajen suka dosa.

Japan ta bi tata hanyar. Comiket, da aka fara a Tokiyo a Disambar 1975 da mutum wajen 700, kasuwa ce ta masoya masu zana nasu littattafan su buga da kuɗinsu, ta kuma kai ana lissafa mahalartanta da dubban ɗaruruwa. Daga Japan ɗin kalmar kosple ta fito, wato yin shigar jarumin da kake so. Mutum zai shafe watanni yana ɗinki da yankan soso da fenti, ladansa kawai wani da bai taɓa gani ba ya gane ko shi wane ne, ya nemi su ɗauki hoto.

Legas ma ta samu nata taron tun 2012, Afirka ta Kudu kuma ta soma Comic Con Africa a 2018.

A 2020 annobar korona ta sa aka soke taron San Diyego karon farko a tarihinsa, aka mayar da shi intanet kyauta, haka ma a Yulin 2021. Tattaunawa da taurari ta zo har ɗaka, ba layi, ba kuɗin otal. Duk da haka, da aka dawo a Yulin 2022, kowa da takunkumi a fuska, layin Hall H ya sake miƙewa a bakin ruwa tun da dare.