Fatsar Kifin Tirawut a Matsayin Nishaɗin Iyali

Tirawut kifin ruwa mai sanyi ne, dangin salmon, wanda a Turai da Arewacin Amurka ake kama shi da fatsa don shaƙatawa fiye da don neman abinci. A ƙasashen nan ana yawan koya wa yara fatsa da shi, har fita kamunsa ta zama al'adar gidaje da dama: uwa da uba da 'ya'ya, wani lokaci har da kaka, su kwashi sanduna da guzuri su yini a bakin ƙorama.

Kifin da inda yake zama

Iri uku aka fi sani. Akwai mai ruwan ƙasa da ɗige-ɗige, *Salmo trutta*, ɗan asalin Turai da yammacin Asiya da duwatsun Atlas na Arewacin Afirka. Akwai mai bakan gizo, *Oncorhynchus mykiss*, mai jan zane a gefen jiki, daga kogunan da ke malala cikin tekun Pasifik. Sai na ƙorama, *Salvelinus fontinalis*, na gabashin Arewacin Amurka. Dukansu sun fi walwala a ruwan da ma'aunin zafinsa yake tsakanin digiri 10 da 16 a ma'aunin Celsius. Da zarar ya haura 20 sai kifin ya galabaita, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa. Shi ya sa ba a ganinsa a kogunan ƙasar Hausa, inda tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa suke cin karensu babu babbaka.

Mutane ne suka yaɗa shi a duniya, da ƙwai da aka lulluɓe da ƙanƙara a cikin jiragen ruwa. Mai ruwan ƙasa ya isa tsibirin Tasmaniya na Ostireliya a 1864, ya shiga Amurka daga Jamus a 1883. A 1905 aka kai tirawut Kenya, aka zuba a kogin Gura na tsaunukan Aberdare, kuma har yau ana fatsarsa a can.

Yadda iyali ke farawa

Galibin masu farawa ba sa zuwa kogin daji. Suna zuwa tafki ko ƙoramar da hukuma ta zuba wa kifin da aka rena a gidan kiwo. Irin wannan kifi ya saba a watsa masa abinci, bai da wayon ɗan'uwansa na daji, don haka yaro ɗan shekara shida ma yana iya kama shi. Wannan shi ne sirrin abin, domin yaron da ya yi awa biyu zare bai motsa ba da wuya ya yarda ya sake biyo babansa.

Jihar Fensilbaniya ta Amurka misali ce. Hukumar kifi da jiragen ruwa ta jihar tana zuba manyan tirawut sama da miliyan uku kowace shekara. Ana buɗe kakar kamu ranar Asabar ta farko a watan Afrilu da ƙarfe takwas na safe, kuma akwai gidajen da ranar ta zame musu kamar ƙaramar salla. Kafin ita akan ware wata Asabar ta yara kaɗai: ɗan ƙasa da shekara 16 ya zo da babba mai lasisi, yaron ya tafi gida da kifi biyu, babban kuwa duk abin da ya kama sai ya mayar ruwa. A sauran kakar ana barin mutum ya riƙe biyar a rana.

Kaya da ƙoto

Kayan farawa ba su da yawa: sanda marar nauyi mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu, da 'yar na'urar naɗe zare, da siririn zaren roba mai ɗaukar kilo biyu ko uku, da ƙananan ƙugiyoyi, da ɗan nauyi mai nutsar da ƙoto, da ɗan abu mai iyo wanda nutsewarsa ke nuna kifi ya ci. Zaren dole ya zama siriri, saboda tirawut yana da kaifin ido kuma ruwansa garau yake. Inuwar mutum ma tana korarsa, to balle yara masu guje-guje a gaɓa.

Ƙoton da ya fi kowanne sauƙi shi ne tana, wato tsutsar ƙasa. Ana kuma amfani da ƙwan salmon, da wani kwaɓin kanti mai ƙamshi irin PowerBait wanda kifin kiwo ke so, da ɗan ƙarfe mai juyawa yana walƙiya in an ja shi. Akwai fatsar ƙwaron roba, inda ake ɗaura gashin tsuntsu da zare a ƙugiya su yi kama da ƙwaro, a wurga shi ya sauka a hankali a kan ruwa. Ita ce masu abin suke ɗauka da daraja, amma tana son haƙuri da horon hannu, don haka akan bar ta sai yaro ya tasa.

Sassafe da yamma kifin ya fi ci. Yana fakewa a bayan dutse, ko ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya ƙwaƙule, ko inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, ya fuskanci inda ruwan ke fitowa yana jiran abin da zai gangaro masa.

Doka da kula

Kusan ko'ina sai da lasisi, amma ana sassauta wa yara. A Ingila da Wales ɗan ƙasa da shekara 13 ba ya buƙatarsa, daga 13 zuwa 16 kuma kyauta ake bayarwa. Tun 1987 aka hana yawancin ƙananan nauyin dalma a Ingila, bayan an gano manyan fararen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya suna haɗiye su suna mutuwa. A Amurka, wata doka ta 1950 ta sa harajin kayan fatsa yana komawa ga jihohi don kula da kifi da ruwa.

Wanda zai saki kifi yakan jiƙa hannu kafin ya taɓa shi, don kada ya goge yauƙin da ke kare fatarsa, ya kuma matse ƙayar ƙugiya da filaya tun kafin ya jefa. Ƙugiya marar ƙaya tana da wani amfanin: in ta soki yatsan yaro, fitar da ita ba ta da wuya. Rigar iyo ga ƙananan yara ba abin wasa ba ce, domin duwatsun ƙorama suna da santsi, ruwan kuma yana sanƙarar da jiki nan da nan.

Zuba kifin kiwo yana da masu suka. Ƙungiyar Trout Unlimited, wadda aka kafa a jihar Mishigan ta Amurka a 1959, ta taso ne kan neman a fifita kifin daji da gyaran koguna. A wurare da dama baƙon tirawut ya danne na gida: a gabashin Amurka mai ruwan ƙasa ya kora na ƙorama zuwa can saman rafuka, a Niyu Zilan kuma ya rage ƙananan kifayen ƙasar. Saboda haka wasu hukumomi suna barin rafukan da ke da kifin daji ba tare da zubi ba, su kai na kiwo tafkunan kusa da gari, inda iyalai suka fi zuwa.