Gida mai araha da tsimin makamashi a Jos

Gida mai tsimin makamashi shi ne wanda aka tsara yadda zai yi sanyi da bazara, ya riƙe ɗumi da hunturu, ya wadatu da haske da rana, ba tare da dogaro sosai da lantarki, janareto ko gawayi ba. Araharsa kuwa ana auna ta ne ta fuska biyu: kuɗin da ginin ya ci, da kuɗin da zaman cikinsa zai riƙa ci kowane wata. Masu zanen gine-gine suna haɗa lissafin biyu, domin gidan da aka tsuke hannu wajen gina shi, daga baya ya zama sai da hita da fanka ake iya kwana a ciki, ya faɗa cikin abin da Bahaushe ke cewa araha ba ta ado.

Yanayin garin

Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 sama da teku, shi ya sa matsalarta ta bambanta da ta Kano ko Abuja. Zafi bai cika tsanani ba sai a Maris da Afrilu. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu kuwa, iskar hunturu na kaɗowa daga arewa maso gabas, sanyin dare kan sauko ƙasa da digiri 12. Ruwan sama yana kai kimanin milimita 1,400 a shekara, wani lokaci har da ƙanƙara. Saboda haka gidan da aka tsara da kyau a Jos yana iya zama ba na'urar sanyaya ɗaki sam. Abin da ya fi cin kuɗin mazauna shi ne ɗumama ruwa da ɗumama jiki.

Fuskar gida

Garin yana kusan digiri 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana kan ɗan karkata arewa da tsakar rana, sauran watannin kuma tana kudu, ta fi yin ƙasa a Disamba. Wannan kyauta ce ga mai gini. Idan aka miƙar da tsawon gida daga gabas zuwa yamma, aka sa tagogin falo da ɗakunan kwana a bangon kudu, sannan aka bar bakin rufi ya fito sosai, ranar hunturu za ta shiga ɗaki ta ɗumama daɓe, ranar bazara da ke bi ta tsakiyar ka kuma rufin zai tare ta. Ɓangaren arewa maso gabas, inda sanyi da ƙura ke shigowa, ya fi dacewa da sito, kicin da banɗaki masu ƙananan tagogi. Bangon yamma yana son baranda ko inuwar mangwaro ko fiya. Duk wannan ba ya ƙara ko buhun siminti ɗaya, shawara ce kawai da ake yankewa kafin a haƙa harsashi.

A unguwanni masu cunkoso irin su Gangare, Unguwar Rogo da Rikkos, fili bai cika ba mutum zaɓin fuska ba, bango na jingine da bango. A nan tsakar gida ce mafita, ko da ƙarama ce, don ita ke kai haske da iska cikin ɗakuna. Mai gidan haya da ya cike filotinsa kaf da ɗakuna ya ɗora wa 'yan haya kunna ƙwan lantarki da rana tsaka, da zama cikin danshi duk damina.

Bango

Bulon siminti mai inci 6 ko 9 shi ne ya mamaye gine-ginen garin. Yana da saurin aiki, kowane birkila ya san shi, amma bai iya riƙe ɗumi kamar bangon ƙasa mai kauri ba, kuma farashinsa na bin na siminti, wanda buhunsa ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Bangon ƙasa yana shan zafin rana a hankali, ya sake shi cikin dare, daidai lokacin da ake bukatarsa a Jos.

Garin ba baƙo ba ne a wannan ilimi. A harabar gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952, akwai gidan adana gine-ginen gargajiya na MOTNA, aikin da masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya jagoranta. A can aka sake gina kwatankwacin ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina asalinsa a ƙarni na 19 da tubali da azara. A Jos ɗin ne kuma aka kafa cibiyar fasahar ginin ƙasa ta CECTech don koyar da magina. Abin da aka fi amfani da shi yau shi ne bulon jar ƙasa da ake matsewa a inji bayan an gauraya ƙasar da siminti kaɗan, yawanci kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a rufe shi ana yayyafa masa ruwa na 'yan makonni har ya yi ƙwari. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, da aka kafa a 1978, ta ƙera injinan buga irinsa mai shiga juna, wanda ba ya bukatar kwaɓi mai yawa ko filasta.

Babban abokin gaban ginin ƙasa shi ne ruwa. Maganinsa harsashin dutse da ya ɗago sama da inda ruwa ke fantsama, kuma dutse ba abin nema ba ne a Filato, sai rufi mai dogon baki, musamman ta gabas inda hadari ya fi tasowa. Abin da ya fi ruwa wuyar magani shi ne kallon da ake wa ginin ƙasa a matsayin alamar talauci, kallon da ya sa mutane da yawa ke cin bashi su sayi abin da bai kai shi daɗin zama ba.

Akwai wani tsimin da bai kamata a yi ba. Yashin da haƙar kuza ya bari a kewayen Jos da Bukuru yana da sauƙin samu, wasu kan kwashe shi don buga bulo ko filasta. Bincike ya nuna tarkacen wankin kuza na ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya fiye da na ƙasar yau da kullum. Ba abin sakawa a bangon ɗakin da yara ke kwana ba ne.

Rufi

Kwano ba silin shi ne mafi munin haɗi: da rana ya gasa ɗaki, da dare ya zubar da ɗumin gaba ɗaya, da asuba raɓa ta taru a cikinsa tana ɗiga kan shimfiɗa. Silin mai kyau, da shimfiɗar kariya daga zafi da sanyi a bayansa, da 'yan kafofin shan iska a ƙarƙashin kwanon, sun fi kowane gyara tasiri idan aka kwatanta da kuɗinsu. Yayin dogon rufi mai tsini ba ya ƙara komai sai kuɗin katako da kwano. Indararo da tanki kuwa suna rage sayen ruwa.

Ruwan zafi da ɗumama ɗaki

Da asubar Janairu, kafin kiran assalatu, a gidaje da yawa an riga an tsoma hita a bokiti ko an ɗora tukunya kan gawayi don alwala da wankan 'yan makaranta. Hita ɗaya tana jan wat 1,000 ko fiye, wato abin da ƙwan LED mai wat 9 sama da ɗari za su ci. Shi ya sa na'urar ɗumama ruwa da hasken rana, wadda ake ɗorawa kan rufi da tankinta mai riƙe zafi, ta fi dacewa da Jos fiye da garuruwa masu zafi, ga shi lokacin sanyi shi ne lokacin da ba gajimaren damina. Farantan sola ma ana fuskantar da su kudu, a ɗan kishingiɗar da su digiri 10 zuwa 15, a riƙa wanke musu ƙurar hunturu.

Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa. Yana fitar da iskar guba marar launi, marar wari, wadda ke sa mutum barcin da ba ya farkawa, haka ma hayaƙin janareto da aka kunna a zaure ko baranda. Toshe ƙasan ƙofa, gyara tagar da ba ta rufuwa ruf, da labule mai kauri suna rage bukatar kaskon tun farko.

Doka da kuɗi

A 2017 Ma'aikatar Lantarki, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine tare da tallafin Jamus da Tarayyar Turai. Ta tanadi cewa tagogi kada su wuce kashi 20 cikin ɗari na bango sai an yi musu inuwa, a sa kariya a rufi, a kuma taƙaita wutar da fitilu ke ci. Galibin gidajen talakawa ba su bi ta hannun mai zane ba, magini da mai gida ne ke yanke komai a bakin fili, don haka ƙa'idar ba ta kai gare su sai ta hanyar horar da magina. Janye tallafin fetur a Mayun 2023, da ƙarin kuɗin wuta na rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan sa'o'i, zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, sun sa lissafin kuɗin zama cikin gida ya fito fili.

Asusun gidaje na ƙasa, wanda dokar 1992 ta kafa, yana cire kashi 2.5 na albashin ma'aikatan da ke cikinsa, ya ba da rance da ruwa kashi 6 har tsawon shekara 30 ta bankin lamunin gidaje na tarayya, amma yana neman cikakkun takardun fili. Mafi yawan mutane da kaɗan-kaɗan suke gini, ciki da falo bana, ƙarin ɗaki baɗi. Ga irin wannan, a zana gidan gaba ɗaya tun farko, a kai hukumar raya birnin Jos ta JMDB ta amince, a bar gurbin bututun ruwan zafi da wayar sola, kada ɗakin da za a ƙara gobe ya toshe tagar kudu.