Waiwaye: Yadda Kiristanci ya ja baya a Ingila

A watan Nuwamban 2022 aka fitar da sakamakon ƙidayar jama'a ta 2021 a Ingila da Wales, kuma a karon farko waɗanda suka ce su Kiristoci ne ba su kai rabi ba. Kashi 46 cikin ɗari suka tashi da shi. A 2011 kashi 59 ne, a 2001 kuwa kusan 72. Ƙasa ce fa da sarkinta ke shugabantar Cocin Ingila, kuma har gobe akwai kujeru 26 na bishop-bishop a majalisar dattawanta.

Wasu kan ɗora abin a kan baƙi, musamman Musulmi, amma alkaluma ba su nuna haka ba. Musulmi kashi 6.5 ne kacal. Waɗanda suka ƙaru ƙwarai su ne masu cewa ba su da addini, daga kashi 15 a 2001 zuwa 37.

Tushen lamarin yana shekarun 1960. A lokacin ne maganin hana ɗaukar ciki ya yaɗu, aka halatta zubar da ciki a 1967, aka sauƙaƙa saki a 1969, mata kuma suka fita aiki da yawa. A da, uwa ce ke shirya yara da safiyar Lahadi, ta sa musu kayansu masu kyau, ta kai su darasin addini a coci. Da wannan al'ada ta yi rauni, sai yara suka tashi ba su san hanyar cocin unguwarsu ba. A ganina nan gizo ke saƙa. Masanin zamantakewa David Voas ya gano cewa ko da uwa da uba duk masu addini ne, kusan rabin 'ya'yansu ne kawai ke riƙe shi, alhali iyaye marasa addini galibi 'ya'yansu sahunsu suke bi. Ba wai mutane sun yi fushi sun fice rana ɗaya ba ne. Tsofaffi ne ke rasuwa, babu masu maye gurbinsu a kan benci.

Sauran dalilan sun ƙara ne kawai. Dokar 1994 ta ba manyan kantuna damar buɗewa ranar Lahadi. Badaƙalar cin zarafin yara kuma ta zubar da mutuncin cocin, har ta sa shugaban limamanta, Justin Welby, ya sanar da murabus a Nuwamban 2024, abin takaici ga talakawan mabiya da ba su ji ba ba su gani ba.

Inda ake samun cika a Landan yau, sau da yawa cocin 'yan Afirka ne. A unguwanni irin su Peckham, 'yan Nijeriya da Ghana kan kama hayar tsofaffin shaguna da ɗakunan ajiyar kaya su mayar da su wuraren ibada, kuma cocin Redeemed kaɗai tana da rassa ɗaruruwa a faɗin Birtaniya.