Saitin DNS a Kwamfutar da ke Kan Keɓantaccen Netwok

Saitin DNS shi ne bayanin da ke nuna wa kwamfuta wajen wa za ta je tambaya idan tana so ta mayar da suna ya koma adireshin IP, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a netwok. DNS shi ne tsarin da ke wannan fassara. A keɓantaccen netwok, irin na ofis, jami'a, banki ko gida, akwai sunayen da intanet ba ta san da zamansu ba: firinta, rumbun fayiloli, shafin albashin ma'aikata. Sabar DNS ta cikin gida, wato kwamfutar da ke amsa irin wannan tambaya, ita ce kaɗai ke riƙe da su. Kwamfutar da ke kan irin wannan netwok amma take tambayar sabar waje za ta buɗe Google da Facebook lafiya lau, sannan ta kasa gano firintar da ke ɗaki ɗaya da ita.

Asali

Kafin a ƙirƙiro DNS, sunayen dukkan kwamfutocin ARPANET, netwok ɗin da ya zama tushen intanet, suna cikin fayil guda ɗaya ne mai suna HOSTS.TXT. Cibiyar bayanai ta Stanford Research Institute da ke Kaliforniya ce ke kula da shi, ƙarƙashin jagorancin Elizabeth Feinler. Duk wanda ya haɗa sabuwar na'ura sai ya sanar da cibiyar a rubuta sunanta, sauran kuma su riƙa kwafo sabon fayil lokaci-lokaci. Da na'urori suka yi yawa a farkon shekarun 1980, abin ya fi ƙarfin ofis ɗaya.

Paul Mockapetris na Jami'ar Kudancin Kaliforniya ya tsara DNS a 1983, aka wallafa shi a takardun ƙa'idojin intanet RFC 882 da 883. A 1987 takardun RFC 1034 da 1035 suka maye gurbinsu, kuma har yau su ne ginshiƙin tsarin. Wajen 1984 wasu ɗaliban Jami'ar Kaliforniya a Berkeley suka rubuta BIND, manhajar sabar DNS da ta daɗe tana mamaye fagen. Tsohon fayil ɗin bai mutu ba. Yana nan a /etc/hosts a Linux da macOS, a Windows kuma cikin C:\Windows\System32\drivers\etc, kuma galibi shi kwamfuta ke fara dubawa kafin ta tambayi kowace saba.

Keɓantattun adireshi sun zo daga baya, lokacin da aka hango adireshin IPv4, wato siga ta huɗu ta adireshin IP, ba za su isa ba. Takardar RFC 1597 ta 1994, da RFC 1918 da ta gaje ta a 1996, sun ware rukuni uku da kowa zai iya amfani da su a cikin gida: masu farawa da 10, masu farawa daga 172.16 zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168. Ba a yawo da su a kan intanet. Daga nan ne ya zama dole kowace ƙungiya ta tanadi mai amsa tambaya game da sunayenta na ciki.

Yadda kwamfuta ke samun saitin

Yawanci ba hannu ke sa shi ba. Da zarar an jona waya ko an shiga Wi-Fi, sabar DHCP, mai raba wa na'urori adireshi, za ta ba kwamfuta adireshinta, ta haɗa mata da adireshin sabar DNS da kuma ƙarshen sunan yankin, wato ɓangaren da ke zuwa ƙarshen sunayen na'urorin netwok ɗin. A gida, rauta, na'urar da ke haɗa gida da intanet, ita ke yin aikin DHCP da na DNS duka, sau da yawa da wata ƙaramar manhaja mai suna dnsmasq, shi ya sa ake ganin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 a gurbin DNS. 

A tsarin Unix na gargajiya komai yana cikin /etc/resolv.conf. Layin nameserver yana ɗauke da adireshin saba, kuma a Linux uku kawai ake karantawa. Layin search yana ɗauke da ƙarshen da za a liƙa wa gajeren suna. Amma a sabbin nau'o'in Linux, NetworkManager ko systemd-resolved ne ke rubuta fayil ɗin, kuma gyaran da mutum ya yi da hannu kan ɓace idan an sake kunna na'ura. A Ubuntu, mai buɗe fayil ɗin zai tarar da 127.0.0.53 kawai, wanda adireshi ne na cikin kwamfutar kanta. Ainihin sabobin sai an buga resolvectl status. A Windows ipconfig /all ke nuna su, a macOS kuma scutil --dns.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sa sabar cikin gida a gurbi na farko, a sa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare a na biyu, da tunanin an yi rigakafi. Gurbi na biyu na ranar da ta farko ta yi shiru ne. Idan kwamfuta ta koma kansa, sabar waje za ta ce babu wannan suna, kwamfutar ta karɓi hakan a matsayin amsa, ta ma adana shi na ɗan lokaci. Abin yakan yi tsanani a netwok mai Active Directory, tsarin Microsoft na kula da asusun masu amfani, domin ta DNS kwamfuta ke gano sabar da ke tantance masu shiga. Umarnin ipconfig /flushdns yana share amsoshin da aka adana.

Raba tambaya gida biyu

Ma'aikacin da ke shiga netwok na ofis daga nesa ta VPN, wato hanyar sirri da aka shimfiɗa a kan intanet, yana da sabobi iri biyu a lokaci guda: ta ofis da ta inda yake. Ana iya tura duk tambayoyi ofis, ko a tura na sunayen ofis kaɗai a bar saura su bi hanyarsu. Windows tana da jadawalin NRPT don haka, macOS tana da babban fayil na /etc/resolver. Daga ɓangaren saba, BIND 9 na iya ba na ciki amsa ɗaya, na waje wata daban, a kan suna guda.

Rikicin sunayen cikin gida

Shekaru da dama masu kula da netwok sun riƙa ƙirƙirar ƙarshen suna yadda suka ga dama: .corp, .home, .lan, .local. Microsoft ta yi amfani da .local a Small Business Server, yayin da Apple ke amfani da shi a Bonjour, inda na'urori ke shelar sunayensu ba tare da saba ba. A 2013 takardar RFC 6762 ta ware .local ga wannan tsari na biyu, ofisoshin da suka riga suka gina komai a kansa suka shiga wahala da kwamfutocin Mac da Linux.

Da hukumar ICANN, mai kula da sunayen intanet, ta buɗe ƙofar neman sabbin ƙarshen suna a 2012, sai aka gano tambayoyi masu ɗimbin yawa na .corp da .home suna yoyo daga ofisoshi da gidaje zuwa manyan sabobin intanet. A 2018 ta yanke cewa ba za a ci gaba da buƙatun .corp, .home da .mail ba. Shi kuwa .dev ya shiga hannun Google, kuma a ƙarshen 2017 burauzar Chrome ta tilasta masa HTTPS, hanyar buɗe shafi da ke ɓoye saƙo, shafukan gwaji na masu rubuta manhaja da dama suka daina buɗewa. An ware home.arpa don gidaje a 2018, ICANN kuma ta keɓe .internal a 2024. Ƙwararru da yawa sun fi son ƙungiya ta yanki reshe daga sunan da ta riga ta yi wa rajista.

DNS mai ɓoye saƙo

An tsara hanyoyi biyu na ɓoye tambayar DNS: DNS ta TLS a 2016, DNS ta HTTPS a 2018. Android ta ƙara zaɓin farko tun sigarta ta 9, Firefox kuma ta kunna na biyun ga masu amfani da ita a Amurka a 2020. Masu goyon baya suna kallon sirrin mai amfani; masu kula da netwok suna ƙorafin burauza na tsallake sabarsu da matatar da suka kafa. Firefox tana tambayar sunan use-application-dns.net, idan sabar cikin gida ta toshe shi sai ta fasa kunna tsarin da kanta, sai dai in mai kwamfutar ne ya kunna shi da hannunsa.