Lasisin TRCN: da gaske ne za a ɗaure sabon malamin da bai yi rajista ba?

Ranar Litinin ɗin da ta wuce, yara na fita tara, wani matashin malaminmu ya same ni a ɗakin malamai ya miƙo mini wayarsa. Watansa huɗu ke nan da fara koyar da Kemistiri a wurinmu, bai daɗe da gama bautar ƙasa ba. Saƙo ne na WhatsApp, an tura shi an sake turawa har ba a san mafarinsa ba, yana cewa duk malamin da ba shi da takardar TRCN, wato hukumar rajistar malamai, za a zo har cikin aji a tafi da shi, shekara biyu a gidan yari. Ya ce, "Malam, ni fa gara in koma shagon kawuna a kasuwa da a zo a kunyata ni a gaban ɗalibai." Yaron nan ya iya koyarwa, na sha tsayawa a bakin taga ina sauraronsa. Ganin muna dab da rasa irinsa saboda saƙon da ba a san wanda ya rubuta shi ba, shi ya sa na ga ya kamata in zauna in warware wa ƙannenmu sababbin malamai wannan magana.

Dokar ba ta jiya ba ce. Dokar soja ce mai lamba 31 ta 1993, wadda a yanzu take cikin kundin dokokin Najeriya na 2004 a babi na T3. Ita ta kafa Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wato TRCN, ta kuma ɗora mata aikin tantance waye malami, da ilimin da ya kamata a ce yana da shi, da ajiye rajistar sunayen malamai, da ladabtar da wanda ya ɓata sunan sana'ar. Hukumar ba ta kankama aiki ba sai wajen shekarar 2000. Ta shafi masu koyarwa daga rabin aji har jami'a, a makarantar gwamnati da ta kuɗi.

To, maganar ɗauri fa? Tana nan a sashe na 17, ba ƙirƙira ba ce. Sashen ya mai da shi laifi mutum ya riƙa aikin malanta ana biyansa, ko ya riƙa amfani da suna ko laƙabin da ke nuna shi malami ne mai rajista, alhali bai yi rajistar ba. Hukuncin shi ne tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko a haɗa wa mutum duka biyun. Ku lura da "bai wuce ba". Shekara biyun nan ita ce ƙurewar abin da alƙali zai iya yankewa. Mai saƙon WhatsApp ya ɗauko ƙurewar ya mai da ita farilla a kan kowa, tarar kuwa ko ambatonta bai yi ba.

Na biyu, hukuncin kotu ne. Jami'in hukumar da ya zo duba makaranta ba alƙali ba ne, iyakarsa ya tambayi takardu ya rubuta rahoto. Kafin a kai ga ɗauri sai an shigar da ƙara, an gurfanar da mutum, an ba shi damar kare kansa. Shekaruna a wannan aiki sun haura ashirin, ban taɓa ganin an shiga aji an fito da malami da ankwa don ba shi da lasisi ba. Majalisar Ilimi ta Ƙasa ma ta taɓa sa wa'adin 31 ga Disamban 2019, a zamanin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi, cewa daga ranar duk wanda bai cancanta ba ya bar aji. Wa'adin ya zo ya wuce, an fita zagayen duba makarantu, ba mu ga gidajen yari sun cika da malamai ba. Ina ma za a samu waɗanda za su riƙe azuzuwan in an kwashe su?

Sai dai kada wani ya ji haka ya miƙe ƙafa. Akwai wani ɓangare na sashen nan na 17 da ba a yaɗa shi a waya, kuma shi ne na fi ji wa matasa tsoro. Yin ƙarya don a samu rajista laifi ne, hukuncinsa ɗaya da wancan. Duk lokacin da tsoro ya bazu, sai 'yan damfara su fito: "Kawo kuɗi kaza, ba sai ka zauna jarrabawa ba, jibi takardarka ta fito." Wanda bai yi rajista ba tukuna yana da hanyar gyarawa a buɗe. Wanda ya sayi takardar bogi ya sa a fayil ɗinsa kuwa, da hannunsa ya rubuta wa kansa ƙara, kuma ranar da aka zo tantance ma'aikata ita ce abu na farko da za a zaro. Sashen bai kuma bar masu makarantu ba. In kamfani ne ya aikata laifin da sani ko sakacin darakta ko manaja, shi ma yana ciki. Saboda haka mai makarantar da ke tsorata malamansa da wannan doka, ya san cewa igiyar ta zagayo har wuyansa.

Ita kanta tarar ta nuna shekarun dokar. Naira 5,000 a 1993 kuɗi ne na a zo a gani. Yau mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasa naira 70,000 ne. Don haka abin da ke cizon malami marar rajista a zahiri shi ne ƙofofin da ke rufe masa: neman aikin gwamnati, ƙarin girma, riƙe shugabancin makaranta, har da zuwa koyarwa waje. Tun Fabrairun 2023 da Ingila ta buɗe wa malaman Najeriya na wasu darussa hanyar neman shaidar ƙwarewa a can, takardar da ke tabbatar da cewa mutum malami ne marar tabo daga TRCN ake karɓo ta.

Wani ruɗanin kuma daga Kaduna ya samo asali, kuma ba na ganin laifin masu fargaba. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, aka sallame su. Tun daga nan duk wanda ya ji "jarrabawar malamai" sai gabansa ya faɗi. Amma wancan gwaji na gwamnatin jiha ne a matsayinta na mai ɗaukar aiki. Ƙungiyar malamai ta NUT ma hujjar da ta riƙa kafawa a lokacin ita ce TRCN ce doka ta ba ikon auna cancantar malami. Jarrabawar TRCN, wadda ita ma a 2017 aka fara ta, ta shiga sana'a ce. Wanda ya faɗi, rajistarsa ce ba ta fito ba, sai ya sake shiri ya koma a zama na gaba.

A kan kwamfuta ake yin ta, kuma a nan ne na ga ana zubar da hawaye. Na taɓa raka wata malamarmu cibiyar jarrabawa, mace mai riƙe aji na yara sama da tamanin kamar uwa da 'ya'yanta. Ta san amsoshin sarai, amma ranar ce ta fara ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta. Tana fitowa ta ce mini kibiyar nan ta riƙa guje mata har lokaci ya ci rabi. A zama na biyu ta ci, bayan ta yi mako uku tana zuwa shagon kwamfuta da yamma. Ƙanina, ƙanwata, in ka san hannunka bai saba ba, fara daga nan tun kafin ka buɗe littafi. A 2025 hukumar ta sanar da taƙaita fannonin jarrabawar daga 23 zuwa biyar: lissafi na tushe, karatu da rubutu, sanin kwamfuta, dabarun koyarwa, da kare lafiya da mutuncin yara. Rajistar ma ta koma ta intanet, a shafin hukumar, ba a hannun dillali ba.

Rukunin masu rajista huɗu ne: A na masu digirin digirgir, B na masu digiri na biyu, C na masu digirin farko, D na masu NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan.

Ga inda matashin malaminmu ya maƙale, kuma dubbai irinsa ne. Digirin Kemistiri ko Lissafi ko babbar difloma ta HND, komai kyan sakamako, ba ya ba mutum damar rajista shi kaɗai. Sai an haɗa shi da shaidar koyon aikin koyarwa, wato PGDE ko PDE, wadda jami'o'i da kwalejojin ilimi da Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna suke bayarwa. Matasa da yawa na jin wannan a matsayin raini: ni da na fi mai NCE sanin darasin, ni za a ce ban cancanta ba? Na fahimci zafin. Amma na ga mai digiri mai daraja ta ɗaya ya cika allo da lissafi, ya juyo ya tarar rabin aji na barci, bai kuma san ta inda zai kamo su ba. Yadda ake tsara darasi, da yadda ake jefa tambayar da za ta tona wanda bai gane ba, da yadda ake gyara yaro ba tare da an karya masa zuciya ba, duk abubuwa ne da ake koya. A wannan gaɓa ina bayan dokar ɗari bisa ɗari.

Abin da ya fi rikita mutane, har tsofaffin hannu, shi ne bambancin takardar rajista da lasisi. Takardar rajista sau ɗaya ake karɓa, ita ce shaidar sunanka ya shiga littafi. Lasisi kuwa izinin ci gaba da aiki ne, kuma duk bayan shekara uku ake sabunta shi. Malamai da yawa sun karɓi takardar sun sa a leda sun ajiye ƙarƙashin akwati, suna ganin an gama. Sabuntawar tana tafiya ne da biyan kuɗin shekara-shekara da kuma abin da hukumar ke kira ƙarin horo na dole: bita, tarukan ƙara wa juna sani, gajerun kwasa-kwasai da ta amince da su, waɗanda ake lissafa wa malami a matsayin maki. Shawarata ga sabon malami, ya buɗe fayil tun watansa na farko. Duk bitar da ya halarta ya karɓi takardar shaida, ya ɗauki hotonta a waya, ya kuma tambaya kafin ya biya kuɗi ko TRCN ta san da masu shirya bitar. Akwai masu tara malamai a zauren taro su raba takarda mai ado wadda ba ta da wani amfani a wajen hukuma.

A nan ne dai raina ba ya kwanciya da tsarin. Manufar tana da kyau, likita ma haka ake yi masa. Amma wa zai biya? Malamar makarantar kuɗi a unguwa, wadda albashinta bai kai rabin mafi ƙarancin albashi ba, ita ake so ta biya kuɗin jarrabawa, da na rajista, da na lasisi, da na bita, da kuɗin mota zuwa babban birnin jiha. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga hukumar UBEC mai kula da ilimin bai-ɗaya, kuma a ciki akwai kason horar da malamai. Sai dai a ƙasa, sau da yawa fuskokin da suka je bitar bara su ne za su je ta bana, sabon malamin da ya fi kowa buƙata kuwa an bar shi yana tsaron aji. Dokar da ta wajabta wa malami neman horo, kamata ya yi ta wajabta wa mai ɗaukarsa aiki ya ba shi lokaci da kuɗin zuwa.

Abin da ya tayar da ƙurar a wannan karo shi ne umarnin da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya bayar a Satumban 2025: daga 2027, makarantar sakandaren da malamanta ba su da shaidar TRCN ba za ta zama cibiyar jarrabawar WAEC ko NECO ko NABTEB (ta fannin fasaha da kasuwanci) ko NBAIS (ta Arabiyya da darussan Musulunci) ba. Ambaton NBAIS ya sa makarantunmu na Arabiyya da darussan Musulunci masu kai ɗalibai jarrabawar kammala sakandare su ma suna ciki. Amma masu yaɗa cewa za a bi makarantun allo ana tambayar alarammomi lasisi, wannan umarni bai faɗi haka ba, maganarsa a kan cibiyoyin jarrabawa take. Sanarwar ta kuma buɗe wata gajeruwar hanya: mai digirin da ba na koyarwa ba, in ya yi aƙalla wata 12 yana aji, zai iya yin taƙaitaccen kwas na wata uku zuwa shida a NTI, daga nan ya nemi rajista. Ka ga ke nan matsin zai sauka ne a kan masu makarantu, su kuma su sauke shi a kan malamai. Mai makaranta mai hangen nesa zai taimaka wa malamansa da kuɗin kwas ya riƙa cira kaɗan-kaɗan. Wani kuwa zai jira sai wa'adi ya matso ya sallame su ya ɗauko masu takarda.

Duk wannan na faɗa wa matashin namu ranar, muna zaune har aka kaɗa ƙararrawar komawa aji. Muka lissafa tare: wata takwas suka rage masa ya cika shekara a aji. Ya ce zai fara ajiye wani abu daga albashin wannan wata. Na ce ya zo mini da shirin darasinsa na mako mai zuwa mu duba tare, ya kuma riƙa shigowa ajina ranar Laraba ya zauna a baya. Ya ɗauki allinsa ya nufi aji biyar.